Inganta Farantan Sufakafasita da Manganis da Bututun Kabon

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san birnin Kano ya san duwatsun nan biyu da ke cikin ganuwa, watau Dala da Goron Dutse. A bisa Goron Dutse akwai tankunan da ake turo wa ruwa daga matatar Calawa, a tara shi a can sama, sa'an nan a sake shi ya gangaro cikin unguwanni ta bututu. Hikimar da ke cikin wannan shiri ita ce a tara abu lokacin da ake da shi domin lokacin da za a rasa shi. Irin wannan bukata ce ta taso game da wutar lantarki. A watan Oktoba na shekarar 2024, Kano da sauran jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. A unguwannin da ke gindin dutsen, kamar Kabuga da Kansakali, ana ganin faifan sola a kan rufin gidaje da shaguna da masallatai, amma faifan ba ya aiki da dare, sai an tara abin da ya samar da rana.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wata na'urar tara lantarki da ake kira sufakafasita, da irin ƙoƙarin da masana ke yi na inganta farantanta ta hanyar haɗa manganis oksaid da siraran bututun kabon. Za a nuna cewa ingancin farantin ya rataya ne a kan yadda aka shimfiɗa manganis ɗin, fiye da yawan wanda aka zuba.

2.0 Batir, Kafasita da Sufakafasita

Batir yana tara lantarki ta hanyar sauya sinadaran da ke cikinsa, shi ya sa yake ɗaukar kaya da yawa amma a hankali yake karɓa, a hankali kuma yake bayarwa. Misalinsa misalin tankin Goron Dutse ne, mai ɗimbin ruwa amma sai ta bakin bututu. Shi kuwa kafasita, wanda masu gyaran fanka da rediyo suka sani sarai, faranti biyu ne na ƙarfe da aka raba su da wani abin da lantarki ba ya ratsawa. Caji yana taruwa a fuskar farantan kawai, ba tare da wani sinadari ya sauya ba. Misalinsa misalin bokiti ne: ruwansa kaɗan, amma ana cika shi nan take, a kuma kwarara shi gaba ɗaya. Asalinsa tsoho ne, domin tun a shekarun 1745 da 1746 aka ƙera na farko a Jamus da kuma birnin Laidin na ƙasar Holan.

Sufakafasita yana tsakanin waɗannan biyu. A maimakon farantin ƙarfe mai santsi, ana amfani da gawayi na musamman mai ƙananan ramuka bila adadin, a jiƙa shi da ruwan da aka narkar da wani gishiri a ciki. Idan aka sa masa wuta, ƙwayoyin gishirin masu caji, waɗanda ake kira ayon, sai su jeru a jikin bangon ramukan. Masanin nan Bajamushe Hermann von Helmholtz ne ya fara bayanin irin wannan jeruwa a shekarar 1853. A 1957 H. I. Becker na kamfanin General Electric a Amurka ya yi rajistar na'ura ta farko mai aiki da wannan dabara, kuma a 1978 kamfanin NEC na Japan ya fara sayar da ita a kasuwa. Giram ɗaya na wannan gawayi, wanda galibi daga ƙwaryar kwakwa ake yin sa, yana da faɗin fuska da ya kai murabba'in mita 1,000 zuwa 2,000. Ke nan giram biyu ko uku, idan da za a warware ramukansa a shimfiɗa, za su iya rufe gona mai eka guda.

Ana auna yawan cajin da na'urar ke iya riƙewa da ma'aunin farad. Fa'idarta ita ce sauri da juriya: tana cika cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ana iya cika ta a juye sau dubu ɗaruruwa, alhali batirin dalma irin na mota ko na sola yakan gaji bayan ɗaruruwa ko dubu da 'yan kai. Nakasunta kuwa shi ne ƙarancin kaya. Kilo ɗaya na sufakafasita na kasuwa yana riƙe kimanin wat-awa 5, batirin dalma yana riƙe 30 zuwa 40, na litiyam kuma ya haura 150. Dukkan binciken da za a tattauna a nan ƙoƙari ne na rage wannan tazara ba tare da an yi asarar saurin ba.

3.0 Manganis Oksaid: Fa'idarsa da Nakasunsa

Tun cikin shekarun 1970 aka gano cewa wasu sinadarai na ƙarfe suna karɓar caji a fuskarsu ta hanyar sauyi mai sauri ƙwarai, har su yi kama da kafasita, su kuma riƙe fiye da abin da gawayi ke riƙewa. Brian Conway na Jami'ar Otawa a Kanada ya yi fice a wannan nazari. Sinadarin da aka fara dogara da shi, rutiniyam oksaid, an auna shi a 1995 ya ba da farad 720 a kowane giram, sai dai rutiniyam ɗan dangin filatinam ne, mai tsada da wuyar samu.

A shekarar 1999 Hee Y. Lee da John B. Goodenough na Jami'ar Teksas suka nuna cewa manganis oksaid, a cikin ruwan gishirin fotasiyam mara zafin asid, yana ba da kimanin farad 200 a giram. Goodenough shi ne wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 2019 saboda aikinsa a kan batirin litiyam. Wannan sinadari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk yaron da ya taɓa fasa mataccen batirin tocila ya ga wani baƙin gari da ya kewaye sandar kabon a tsakiya. Mafi yawan garin nan manganis oksaid ne, kuma tun 1866 Bafaranshe Georges Leclanché ya fara amfani da shi a batir. Yana da araha, kuma Afirka ce ke da mafi yawan ma'adinansa: Afirka ta Kudu da Gabon suna cikin manyan masu haƙo shi a duniya, a Gana kuma ana haƙar sa a Nsuta tun 1916.

Yadda yake aiki shi ne, kowace ƙwayar manganis tana karɓar ilektiron guda daga waya, a lokaci guda kuma ta jawo ayon guda daga ruwan gishiri ya zauna kusa da ita. Idan an zo juye cajin sai ta saki duka biyun. A lissafi, da dukkan ƙwayoyin da ke cikin giram ɗaya za su yi wannan aiki, da an sami kimanin farad 1,370. To, me ya sa ake samun 200 kawai?

Amsar ta fito fili a wani bincike da Mathieu Toupin da Thierry Brousse da Daniel Bélanger suka wallafa a 2004. Da suka shafa manganis oksaid siriri ƙwarai a kan filatinam, sun sami farad 1,380 a giram, watau daidai da abin da lissafi ya nuna. Da suka yi farantin da kauri kuwa, sai ya sauko zuwa wajen 150. Dalili shi ne manganis oksaid ba ya barin lantarki ya ratsa shi da sauƙi, ya fi jan ƙarfe tauri ga lantarki sau biliyoyi. Haka kuma ayon ba ya iya kutsawa can cikin ƙwayar garin da sauri. Saboda haka fatar waje ce kaɗai ke aiki, na ciki kuwa nauyi ne kawai da aka ɗora wa na'ura.

Akwai nakasu na biyu. Idan aka juye cajin fiye da ƙima, wani ɓangare na manganis ɗin yakan rikiɗe ya narke cikin ruwan, farantin ya riƙa zaizayewa sannu a hankali.

4.0 Siraran Bututun Kabon

Bututun kabon wani nau'in kabon ne da ƙwayoyinsa suka saƙu kamar raga, ragar kuma ta naɗe kamar tabarma. Sumio Iijima na kamfanin NEC ne ya bayyana shi ga duniya a 1991. Akwai mai bango ɗaya, wanda kaurinsa bai wuce nanomita 1 zuwa 2 ba, akwai kuma mai bango da yawa, ɗaya cikin ɗaya kamar ɓawon albasa, wanda kan kai nanomita gomiya. Domin a gane ƙanƙantarsa, silin gashin mutum ɗaya yana da kaurin kimanin nanomita 80,000. Galibi ana yin sa ne ta hanyar tura iskar gas mai ɗauke da kabon cikin tanderu mai zafin digiri 600 zuwa 900, a bisa ƙananan ƙwayoyin baƙin ƙarfe ko nikel ko kobal, inda bututun ke tsirowa kamar ciyawa.

Lantarki yana gudu a cikinsa ba tare da wahala ba, yana da ƙarfi, yana lanƙwasuwa bai karye ba, kuma idan aka tara shi yakan harɗe da juna ya bar wurare a tsakani inda ruwan gishiri zai shiga. Amma shi kaɗai bai cika riƙe caji mai yawa ba, sau da yawa ba ya kai farad 100 a giram. Ke nan abin da manganis ya rasa shi ne bututun ke da shi, abin da bututun ya rasa kuma manganis na da shi. Hausawa na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Hanyoyin Ingantawa

5.1 Yadda ake haɗa su

Hanya mafi sauƙi ita ce a cuɗa garin manganis da bututun kabon da wani ɗanko na roba, a shafa a kan ƙarfe. Wannan yana rage taurin farantin ga lantarki, sai dai haɗuwar sama-sama ce, domin ƙwayar garin tana nan da girmanta, ɗankon kuma yana toshe wasu ramuka, ga shi ba ya riƙe caji ko kaɗan.

Hanya ta biyu ta fi wannan hikima. Ana tsoma bututun cikin ruwan fotasiyam famanganet, sinadarin nan mai launin makuba da ake samu a kantin magani domin wanke miki. Famanganet yakan ci kaɗan daga kabon ɗin bututun, a daidai wurin kuma ya ajiye manganis oksaid siriri manne da bango. Masu bincike a Jami'ar Yonsei ta Koriya ta Kudu suna cikin waɗanda suka kyautata wannan hanya a wajajen 2007. A nan ne bututu mai bango da yawa ya fi dacewa, domin ko an cinye bangon waje, na ciki suna nan suna ɗaukar lantarki. Idan aka bar shi ya daɗe a ruwan kuwa, fatar manganis ta yi kauri, hanyar lantarkin kuma ta lalace, an yi ba a yi ba ke nan.

Hanya ta uku ita ce ɗorawa da wutar lantarki, kamar yadda ake yi wa ƙarfe ruwan azurfa. Fa'idarta ita ce mai aikin yana iya ƙayyade kaurin fatar ta hanyar ƙayyade lokaci da ƙarfin wuta.

5.2 Zaɓen ƙirar manganis

Manganis oksaid ba ƙira ɗaya gare shi ba. A wata ƙirar ƙwayoyinsa suna barin ramuka masu faɗi, a wata ramukan matsattsu ne, a wata kuma yana zuwa shafi-shafi kamar littafi, da tazarar da ayon zai iya shiga tsakani. A 2008 S. Devaraj da N. Munichandraiah na Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalo suka gwada waɗannan nau'o'i. Mai faffaɗan rami, wanda ake kira alfa, ya ba da kimanin farad 240 a giram, mai shafi-shafi ya zo kusa da haka, amma mai matsattsen rami, watau beta, bai kai farad 10 ba. Sinadari ɗaya ne, ƙira ce ta bambanta su.

5.3 Matsalar kauri da darasin marina

Wannan ita ce babbar matsalar. Fata siririya tana ba da adadi mai ban sha'awa a kowane giram, amma giram nawa ne a farantin? A wasu gwaje-gwajen abin da aka shafa bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram a murabba'in santimita ba, alhali farantan kasuwa suna ɗauke da kimanin miligiram 10. Ana son manganis mai yawa, ana kuma son kowane ɓangarensa ya kasance siriri, kusa da hanyar lantarki, kusa da ruwan gishiri.

Marinan Ƙofar Mata sun daɗe da warware irin wannan matsala a sana'arsu. Marini ba ya laɓta baba da kauri a fuskar zane. Yakan tsoma zanen a rijiyar rini, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake tsomawa, har baban ya kama kowane zare ciki da waje. Abin da ya hau kan zare ɗaya kaɗan ne, amma da yake zaren yana da yawa, sai zanen ya ɗauki baba mai yawa kuma bai yi tauri ba. Kusan wannan dabara ce rukunin Yi Cui na Jami'ar Stanford a Amurka suka bi. A 2010 sun tsoma yadin auduga cikin tawadar bututun kabon suka shanya, sai yadin ya zama mai ɗaukar lantarki. A 2011 suka ɗora manganis oksaid a kan yadin da aka yi wa irin wannan rini, har ya ɗauki miligiram 8 da ɗoriya a murabba'in santimita, ya ba da farad 2.8 a wannan ɗan fili. A shekarar dai, masu bincike a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Sarki Abdullah da ke kusa da Jidda, tare da rukunin na Stanford, suka yi amfani da soso a maimakon yadi. Manufar duka ɗaya ce: a sami gangar jiki mai kauri da ramuka, a lulluɓe ta da bututun kabon, sa'an nan a shafa manganis siriri a ko'ina.

5.4 Ƙara ƙarfin bolt

Makamashin da kafasita ke riƙewa ana samun sa ne idan aka ɗauki rabin farad aka ninka shi da bolt sau biyu. Alal misali, na'ura mai farad 100 a bolt 1 tana riƙe jul 50, amma a bolt 2 tana riƙe jul 200. Ninka bolt sau biyu yana ninka makamashi sau huɗu. Idan farantan biyu duk na manganis ne a cikin ruwan gishiri, da ƙyar ake wuce bolt 1, kuma farantin da ke gefen ragi shi ne ke saurin narkewa. Tun farkon shekarun 2000 masu bincike a Koriya da Faransa suka nuna cewa idan aka sa manganis a gefen ƙari, aka sa gawayi a gefen ragi, na'urar tana kaiwa bolt 2 a cikin ruwan gishiri. Wannan yana da muhimmanci, domin ruwan gishiri ba ya kama wuta, saɓanin ruwan da ake sa wa yawancin na kasuwa.

6.0 Yadda Ya Kamata a Karanta Alƙaluma

A 2011 Yury Gogotsi da Patrice Simon suka yi gargaɗi a mujallar Science cewa alƙaluman da ake samu daga siraran faranti suna iya yaudarar mai karatu. Sinadarin da ke riƙe caji kimanin sulusi ne na nauyin cikakkiyar na'ura, sauran kuwa ƙarfe ne da ruwa da marufi. Saboda haka ɗalibin da ya ci karo da wani babban adadi ya kamata ya yi tambayoyi huɗu. Da nauyin manganis kaɗai aka yi lissafin, ko da na farantin duka? Miligiram nawa aka ɗora a murabba'in santimita? Da wane sauri aka cika aka juye? Bayan sau dubu nawa aka sake aunawa? Adadin da bai amsa waɗannan ba bai isa a kafa hujja da shi ba. Ya kamata a sani kuma cewa mafi yawan sufakafasitan da ake sayarwa na gawayi ne, haɗin manganis da bututun kabon kuwa galibinsa yana ɗakunan bincike, saboda tsadar bututun da wuyar yin sa da yawa bisa inganci iri ɗaya.

7.0 Abin da Ya Shafi Kano

Sufakafasita ba zai maye gurbin batir wajen kunna fitila da fanka tsawon dare ba, domin kayansa kaɗan ne, kuma yakan zubar da cajinsa da kansa idan aka ajiye shi kwanaki. Amfaninsa yana wajen taimakon batir. Injin jan ruwa na rijiyar burtsatse da firji da injin markaɗe, a daidai lokacin tashinsu, sukan ja wuta ninki biyar ko fiye na abin da suke ci idan sun daidaita. Wannan fizga tana gajiyar da batir. Ga kuma zafi: a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma sanannen abu ne cewa rayuwar batirin dalma tana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa digiri 25. Idan aka haɗa sufakafasita da batir, shi zai ɗauki fizgar, batirin ya ci gaba da tafiyarsa a hankali, ya ƙara daɗewa. Ƙarin kwanan batir kuwa ragi ne ga aljihun mai gida, ragi ne kuma ga dalmar da ake fasawa a narka a bayan gari. A tsakanin 2007 da 2008 yara 18 suka mutu a wata unguwa ta bayan birnin Dakar saboda gubar dalmar tsofaffin batura.

Shi ma sabon haɗin yana da nasa haɗari. Tun 1837 likita John Couper ya lura da ciwon jijiya a jikin ma'aikatan da ke niƙa manganis oksaid a Sikotlan, kuma a 2014 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa wani nau'in bututun kabon cikin abubuwan da mai yiwuwa su jawo ciwon daji idan ana shaƙar ƙurarsu. Dole ne a kiyaye wannan a ɗakin gwaji da masana'anta.

8.0 Kammalawa

An ga cewa manganis oksaid yana da araha da yalwar wurin ajiye caji amma lantarki ba ya ratsa shi, bututun kabon kuma hanya ce mai kyau ga lantarki amma ajiyarsa kaɗan ce. Ingantaccen faranti shi ne wanda aka shimfiɗa manganis mai faffaɗan rami, siriri, a kan saƙar bututu mai kauri da ramuka, aka kuma haɗa shi da farantin gawayi domin ƙara bolt. Akwai gurabe uku da masu bincike a jami'o'in Arewa, irin su Jami'ar Bayero da Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, za su iya sa hannu. Na farko, tace manganis daga matattun baturan tocila da ke zube a juji, aikin da aka riga aka gwada a Malesiya. Na biyu, yin gawayin gefen ragi daga ɓawon gyaɗa da karan dawa da ƙaiƙayin shinkafa. Na uku, gwada waɗannan faranti a zafin bazarar Kano, domin mafi yawan alƙaluman da aka ambata a sama an same su ne a ɗakunan da zafinsu bai wuce digiri 25 ba.